Nata'ala Mai Walda da Tankar Bakin Kogi

Sunana Maharazu. A shekarun da zan ba da labarinsu direban tirela ne ni a gabashin London, ina kwasar manyan injuna daga wannan yadi, wato filin ajiye kaya, zuwa wancan. Na haɗu da Malam Nata'ala a 1973, a wani ɗaki da ke saman shagon nama a Barking, inda muke sallar Juma'a tare da 'yan Pakistan. An idar da salla na rasa takalmina ƙafa ɗaya, ina ta mita da Hausa, sai na ji wani dattijo a bayana ya ce, "Ɗaga tabarmar can ka duba." Na juyo na ga gajeren mutum mai faɗin kafaɗa, hannayensa duk tabon ƙuna. Ya tambaye ni garinmu, na ce Haɗeja. Ya ce shekararsa biyu rabonsa da ya yi doguwar hira da Hausa. Daga ranar duk Juma'a ni nake rage masa hanya.

Ɗan maƙera ne daga wani ƙauye kusa da Kazaure. Tun yana ɗan shekara bakwai yake jan zugazugi a maƙerar mahaifinsa. A 1942 aka aiko dagaci ya ba da mutanen da za su shiga soja, sunan yayansa ya fito. A makon nan matar yayan ta haihu, ko suna ba a yi ba. Nata'ala ya je gaban dagaci ya ce a sa shi a madadinsa. Da na tambaye shi ko jarumta ce ta kai shi, sai ya ce a'a, shi dai ya ga ba shi da mata ba shi da ɗa, kuma ya gaji da jan zugazugi.

Masar aka kai su, wani katafaren garejin soja a cikin hamada. Da Turawan suka ga ya san ƙarfe, suka koya masa walda. Nan ake janyo tankokin yaƙi da suka lalace. Wadda za ta gyaru a gyara ta a mayar. Wadda injinta ya mutu amma igwarta na aiki, sai a ja ta zuwa bakin ma'ajiyar mai, a haƙa rami a tura ta ciki, a binne ta har wuya, a bar kan nata da igwar a waje don gadi. Shi ne mai liƙe duk wata kafa da yashi zai shiga kafin a rufe. Akwai kuma waɗanda aka janyo a ƙone, aka ce su shiga su wanke ragowar mutanen da suka ƙone a cikinsu. Sau ɗaya ya faɗa mini wannan, bai ƙara ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Bayan yaƙi ya koma gida, ya yi shekara biyu zaman bai yiwu ba. Ya sauka Ikko ya kama aikin ɗakin inji a jirgin ruwa, har ran da jirgin ya tsaya a tashar Tilbury ta Ingila a 1951, ya sauka da jakarsa bai koma ba. Shekara ashirin da ɗaya ya yi a sashen narka ƙarfe na kamfanin motoci a Dagenham. A nan garin ya auri Jane, Baturiya mai aikin wanki a asibiti, doguwar mata mai ƙarancin magana. Allah bai ba su haihuwa ba. Suna zaune a ƙaramin gidan haya na council, wato ƙaramar hukuma, ita ta koyi tuƙa tuwo da garin semolina, shi ya koyi cin dankali ba yaji. Da ƙirjinsa da bayansa suka fara ba shi wahala ya bar kamfanin, ya koma wani yadin tsofaffin ƙarafa yana yanka matattun bas da tukwanen tururi na jirgin ruwa da wutar gas. Lokacin da na san shi ba ya zama sai ya dafa ƙugu, ba ya tashi sai ya dafa bango.

Bazarar 1976 aka yi fari a Ingila irin wanda tsofaffinsu suka ce ba su taɓa gani ba. Ciyawa ta bushe ƙurmus, aka hana ba furanni ruwa. Gaba da Dagenham akwai wani fili na taɓo a bakin kogin Thames, wanda a da ko kare ba ya iya takawa. Ya bushe ya tsattsage, wani ɗan kwangila ya samu damar shiga da katafila don ɗaga bangon tare ambaliya. A cikin ciyayi bakin katafilar ya daki ƙarfe. Da aka share sai ga kan tankar yaƙi, igwarta na kallon kogi, sauran jikin a binne cikin ƙasa da kankare. Ashe tun 1940 take wurin, lokacin da ake tsoron Jamusawa za su shigo ta ruwa kuma makamai sun yi ƙaranci, aka janyo tsohuwar tankar koyo da injinta ya mutu aka dasa ta a nan. Sojoji suka zo suka duba, suka ce ba harsashi a ciki, kuma ba sa buƙatarta. Ɗan kwangila ya kira yadin su Nata'ala ya ce a zo a yanka ta a kwashe. Ni aka turo in ɗauki gutsattsarin.

Ranar farko Malam bai kunna wuta ba. Ya zagaya ta sau uku yana ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma, yana kasa kunne. Ya sa ƙarfe ya ɓalle murfin sama, ya leƙa. Ruwa ya kwanta a ciki har gwiwa, ga wari. A jikin bangon an rubuta sunaye shida da fenti, ga wata ƙugiya da aka liƙa don rataye buta.

Muna nan sai ga wata tsohuwar Baturiya ta ratso filin da sanda. Ta ce a cikin sunayen nan shida, na huɗu na mijinta ne. Lebura ne a tashar jiragen ruwa, an ce ya tsufa da zuwa fagen daga, sai ya shiga 'yan sa-kai. Hunturu huɗu suka yi suna karɓa-karɓar zama a cikin wannan ƙarfe, ko sau ɗaya ba su harba igwar ba, ba wanda ya zo. Sanyin wurin ya kama masa ƙirji, shekara ɗaya bayan yaƙi ya rasu. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa komai ba. Ta dai ce ta rubuta wa wata ƙungiya ta masu tattara tsofaffin kayan yaƙi, wataƙila su zo.

Suka kuwa zo bayan kwana biyu, mutum biyu da kyamara, ɗaya malamin makaranta ɗaya tsohon makaniki. Suka ce irin wannan tankar kaɗan suka rage, suna so a fitar da ita ɗungurungum. Ɗan kwangila ya yi dariya, ya ce kankare ya riƙe ta, ba mai iya ciro ta sai da nakiya. Aka juya ana kallon Malam Nata'ala, wanda ke zaune a kan tukunyar gas yana goge wuya.

Ya ce da su da Turancinsa na masana'anta, "Kankaren gaba da gefe ne kawai. Bayanta ƙasa ce. Ta baya aka turo ta, ta baya za ta fita."

Ɗan kwangila ya tambaye shi yadda aka yi ya sani.

"Ai mu ma haka muke binne su."

Aka daidaita a kan mako uku. Ɗan kwangila zai ci gaba da bangonsa ta ɗaya ɓangaren, in ya iso nan tankar ba ta fita ba, a yanka. A mota na tambayi Malam abin da ya sa ya ɗora wa kansa wannan wahala.

Ya ce, "Maharazu, kaurin ƙarfen nan ka gani? In na ce yankawa zan yi, hayaƙin tsohon fentin nan duk a ƙirjina zai ƙare. Jan ta ya fi sauƙi."

Muka yi tafiya kaɗan, har mun wuce fitilar hanya, sannan ya ƙara da cewa, "Guda goma sha ɗaya na binne a Masar. Ban taɓa ganin an tono ɗaya ba. Ina so in ga ko suna fitowa."

Ba sauƙi aikin ya yi ba. Katafila ta haƙa gangara a bayan tankar, amma daga taku uku zuwa jikinta sai da diga da shebur, don kada a fasa ta. Mutanen ƙungiyar nan biyu suna zuwa Asabar da Lahadi, hannunsu ya yi kanta ya fashe. Ni ma duk ranar da ba ni da lodi nakan zo. Sauran kwanakin Malam ne shi kaɗai a cikin rami. Ya zuƙe ruwan ciki da famfon hannu. Ya bi ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya yana kankare tsatsa, yana ɗura musu kananzir da baƙin mai, ya gasa da wuta, ya doka da guduma, ya bari ya kwana, gobe ya sake. Sarƙar da take tafiya a kai ta manne da ƙasa, sai da ya sa jak ya ɗaga ta kaɗan-kaɗan yana cusa katakon layin dogo a ƙarƙashi.

A mako na biyu azumi ya kama. Ranar London a wannan lokaci doguwa ce, ga zafin da ba a saba ba. Jane ta yi ta fama da shi ya ajiye ya rama da hunturu, ya ƙi. Ya ce shekara ashirin ya yi azumi a gaban tukunyar narka ƙarfe, rami ba zai gagare shi ba. Amma ina ganin yadda yake. Da azahar yakan hau sama ya kwanta a inuwar tirelata, ya ɗora hularsa a fuska, ƙirjinsa na ƙara kamar ana jan zarto.

Ana cikin haka Almu ya zo. Shi ne jaririn da aka haifa makon da Malam ya tafi soja, yanzu ya zama babban manaja a wani kamfanin sufuri a Kano. Lokacin kuɗin man fetur ya buɗe a Najeriya, mutanenmu sun cika otal-otal ɗin wajen Charing Cross, kowa da abin da ya zo saye. Shi manyan motoci arba'in ya zo yin oda. Ya je gida Jane ta kwatanta masa wurin, sai ga baƙar mota ta tsaya a bakin fili, ya fito da farar shadda yana tattare ta. Ya tsaya a bakin rami ya daɗe yana kallon dattijon da ke durƙushe cikin baƙin mai, sannan ya cire takalmi ya tsuguna.

"Baffa, barka da aiki. Almu ne, ɗan Hambali."

Malam ya ɗago ya kare ido da hannu. "Almu? Kai ne ka yi wannan girman? Yaya babanka?"

"Yana nan, ido ne dai ya yi rauni. Kullum sai ya yi maganarka. Baffa, wannan wane irin aiki ne? Me za a yi da wannan mushen?"

"Ajiye ta za su yi, mutane su riƙa kallo."

Almu ya girgiza kai. "Wallahi Baba ya ga wannan sai ya yi kuka. Saboda shi ka bar gida. Yanzu ƙasa ta samu, Baffa. Muna gina sabon gareji, ba mu da wanda ya san ƙarfe kamarka. Ga gida, ga mota da direba. Ka ce to kawai, gobe in yi maka booking ɗin jirgi."

Malam ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Jane fa?"

"Ta biyo ka mana. Akwai Turawa da yawa a unguwar Nasarawa can Kano."

"To, bari in fitar da wannan tukuna."

Almu ya so ya ƙara magana, ya ga dattijon ya riga ya sunkuya ya ɗauki gudumarsa. Ya ba ni katinsa ya ce in taya shi lallashi, ya koma mota.

Ƙarshen watan Agusta sama ta ɓalle. Ruwan da aka yi wata da watanni ana jira ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya ƙi tsayawa. Filin ya fara komawa taɓonsa. Kowace safiya sai mun zuƙe ramin kafin a taɓa komai, gefensa na zubowa. Ɗan kwangila ya ce in aka ƙara kwana uku ko katafilarsa ba za ta iya shiga ba. Malam ya ce yana buƙatar mako guda don ƙafafun hagu ba su saki ba. Aka ce babu. Ya ce to, a ja ranar Alhamis.

Ranar Alhamis da hantsi muka ɗaura mata wayar ƙarfe biyu, ɗaya a katafila ɗaya a injin jan kaya na tirelata. Mutanen ƙungiyar nan biyu sun zo, tsohuwar nan ma ta zo da lema ta tsaya daga nesa. Malam yana cikin rami, shi ke ba da hannu. Aka ja na farko, wayoyi suka miƙe suna kuka, ba ta motsa ba. Aka ja na biyu, sai muka ji wata ƙara daga ƙarƙashin ƙasa, tankar ta girgiza ta matso baya kamar kamu ɗaya. Malamin makarantar nan ya yi ihu don murna. Malam ya ɗaga hannu a tsaya, don wani katako ya goce daga ƙarƙashin sarƙar hagu. Ya durƙusa ya sa hannu zai gyara shi. Ƙasar ta riga ta jiƙe, jak ya nutse, tankar ta sauko kaɗan ta danne katakon a kan hannunsa na hagu.

Bai yi ihu ba. Salati na ji ya yi, sannan ya kira sunana a hankali, "Maharazu, kawo ɗaya jak ɗin." Shi ya riƙa gaya mana inda za mu kafa shi. Da muka zaro hannun, tsohon makanikin ya naɗe shi da rigarsa, ya sa shi a motarsa suka nufi asibiti. Kafin a rufe ƙofa Malam ya ce mini kada mu tsaya, ruwa na ƙaruwa, mu ja daga dama mu bar hagu ta bi.

Haka muka yi. Wajen la'asar ta fito, tana zubar da taɓo da baƙin ruwa, ta fi yadda na zata ƙanƙanta. Muka hau da ita tirela muka ɗaure. Tsohuwar ta matso ta taɓa jikinta da tafin hannu, ta ce mana mun gode, ta juya ta tafi.

Washegari na je asibiti. An cire masa yatsu biyu, ƙaramin da na kusa da shi. Jane na zaune a gefe tana ɓare masa lemo, don likita ya hana shi azumi, wannan karon bai yi gardama ba.

Ya ce, "Ta fito?"

Na ce ta fito.

"Sarƙar ta juya?"

"Ta dama ta juya, Malam. Ta hagu jan ƙasa ta yi."

Ya rufe ido. "Na sani. Mako guda na ce musu."

Ni na kai tankar wata gona a Kent, inda ƙungiyar ke ajiye kayanta a rumfar wani manomi. Suka ce za su gyara ta su yi mata fenti su kai gidan tarihi. Sun aiko wa Malam takardar godiya da hoton tankar a kan tirela. Bayan shekara biyu hanya ta bi da ni ta wurin, na tsaya na leƙa. Tana nan inda na sauke ta, an rufe ta da tampol, kaji na kwana a ƙarƙashi. Manomin ya ce tsohon makanikin ya rasu, malamin makarantar kuma an yi masa canjin wurin aiki. Ban gaya wa Malam ba. Daga baya na ji wani gidan tarihi a arewacin Ingila ya karɓe ta, amma ban je na gani ba.

Da hannun ya warke, yadin suka ce ba za su iya ba shi wuta ya riƙe ba. Ya zauna gida wata huɗu. Almu ya yi ta aiko wasiƙa, a farkon 1977 Malam ya tafi shi kaɗai, a kan in ya ga wuri Jane ta biyo. Ni na kai shi filin jirgi, sanye da kwat ɗin da ya yi aure da ita.

Wata biyar ya yi ya dawo. Bai ce an yi masa laifi ba. Ya ce Almu ya cika alkawari, an ba shi gida da mota da ofis mai sanyi. Sai dai garejin ba a gama ba, injunan na cikin akwatunansu a rana, ana jiran wasu takardu. Kullum ya je ya zauna a tebur, masinja ya kawo masa shayi, in ya fita zai taɓa wani abu sai a ce haba Baba, ka huta. Ya je ƙauye ya ga yayansa, suka kwana biyu a ɗaki ɗaya, hirar ta ƙare tun ranar farko. Inda maƙerar take an yi titi. Yaran gidan suna kiransa Baffan Ingila, suna dariyar yadda yake cewa "sorry" in ya taka mutum. Jane kuma ta rubuto cewa ƙafarta ta kumbura, ba ta iya hawa bene.

"Na gaji ne kawai, Maharazu," in ji shi. "Can ma na gaji, nan ma na gaji. Amma nan na san inda bas yake tsayawa."

Sauran kwanakinsa a gida ya yi su. Yana gyara wa maƙwabta keke da tukunyar da ta huje, yana kai Jane asibiti, ranar Juma'a in zo in ɗauke shi. Hunturun farkon 1979 ya zo da tsanani, ƙanƙara ta rufe hanyoyi, ƙirjin ya tashi. Kwanansa tara a asibiti ya cika, yana da shekara kamar sittin, don shi kansa bai san daidai ba.

Mu tara muka yi masa salla, ni da limamin 'yan Pakistan da wasu ɗalibai 'yan Arewa da na kirawo daga Peckham. Ƙasa ta daskare, sai da aka kawo inji aka haƙa kabarin. Almu ya bugo waya bayan kwana uku, ya yi kuka sosai. Jane ta tambaye ni abin da matan Hausawa ke yi in miji ya mutu, na gaya mata wata huɗu da kwana goma suke zama a gida, amma ita ba dole ba ne a kanta. Ta ce ai ba inda za ta je dama. Ta yi su cif, sannan ta mayar wa council makullin gidan, ta koma wurin ƙanwarta a Southend.